Hulunan Gwanjo a Ƙofar Shagona

Shekarun baya, tun sanƙo bai gama cinye mini kai ba, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni ni kaɗai. Matata ta ce in daina ba da labarin, wai tonon asiri ne. Na ce da ita, asirin da ya yi wata guda yana shan rana a bakin titi, me ya rage a rufe?

Sana'ata wankin hula ce, a Makera cikin Kaduna. Gadonta na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a wannan ɗan shagon ya tsufa, ni kuma na ɗora daga inda ya tsaya. Ga wanda bai san aikin ba, jiƙa hula ake yi, a goge ta da buroshi da sabulu, a ɗauraye, a sa mata sitati, sannan a kifa ta a kan gungumen itacen da aka sassaƙa daidai kan mutum. In ta bushe a bi ta da dutsen guga. Shi ya sa duk inda ka ga mai wankin hula za ka tarar da gumagumai jere a ƙofarsa, kowanne da hula a ka, sai ka ce jama'a sun zo ɗaurin aure.

Cikin mutanen da mahaifina ya bar mini akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Tudun Wada. Tun ban san hannun damana ba yake kawo hula shagonmu. Da mahaifina ya rasu, wasu sun janye jiki, sun ce yaro ba zai iya ba. Shi Alhaji ranar sadakar bakwai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, hulata ba ta san wani hannu ba sai na gidanku." Tun daga ranar na sa a raina, matuƙar hular Alhaji na shigowa shagon nan, sunan babana bai mutu ba. A shekarar da nake ba ku labari ma, tun da wuri ya gaya mini zai aurar da autansa, kuma hulunan gidan duka, da na 'yan'uwan da za su zo daga gida, ni zan yi.

To, ina da aboki, tun firamare muke tare. Shi a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, sashen rini. Da aka rufe masaƙar ya zauna a gida wata da watanni, ga mata ga 'ya'ya uku. Ni na je har gida na ce ya taso ya zo shagona. Ni na koya masa riƙon buroshi. Ni na nuna masa yadda ake dama sitati kada ya yi gudaji. Hular farko da ya goge sai da ya babbaka mata baki, ni na bai wa mai ita haƙuri. Bayan shekara guda ya ce zai buɗe nasa, ya sami wuri a tsallaken titi, gaba da ni kaɗan, inda in na zauna a bencina ina hango ƙofarsa sarai. Na ba shi gumagumai shida daga cikin na mahaifina. Na yi masa addu'a da bakina, kuma Allah ya sani a lokacin har zuciyata.

Sai shida suka zama goma sha biyu. Goma sha biyu suka zama ashirin. Kafin ka ce kwabo ya sa kafinta ya yi masa teburi, bayan 'yan watanni ya ƙara na biyu. Ni kuwa ina nan da goma sha biyar ɗina na kullum.

Bari in faɗi gaskiya, kasuwata ba ta ragu ba. Abin da nake samu bara shi nake samu bana, gidana ba a taɓa kwana da yunwa ba. Amma kun san zuciya ba ta da ƙashi. Kullum da safe, kafin in share ƙofar shago, sai na tsaya na ƙirga hulunansa. In na ga sun ƙaru, shayin safe ma ɗaci yake yi mini. In ya ɗago hannu ya gaishe ni daga can, in ɗaga masa ina murmushin da bai kai zuci ba. Ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba, hassada ce tsagwaronta.

Abin da ya ƙarasa ni, wata rana wani saurayi ya kawo hula, ina cikin ɗaura mata zaren alama sai ya nuna tsallaken titi ya ce, "Malam, an ce a wurin wancan ka koyi aiki, ko?"

Innalillahi! Ban san lokacin da na miƙa masa hularsa na ce ya tafi can wurin malamin nawa ba. Yaro ya tafi yana waige, bai san laifin da ya yi ba.

Daga ranar na shiga tunani, irin tunanin da mutum ke yi yana jin kansa wani shehin malami. Na bi shagunan masu wankin hula da na sani, daga Kakuri har Unguwar Mu'azu, ina kallo. Duk wanda kasuwarsa ke ci, hulunan ƙofarsa da yawa. Duk wanda ke gyangyaɗi a benci, nasa kaɗan. Na koma gida na zaunar da matata, na jera mata hujja kamar mai karatun fiƙihu.

Na ce, "Saurara ki ji. Duk mai kasuwa, hulunansa da yawa a waje. Wancan nasa da yawa, ga shi yana da kasuwa. Ni nawa kaɗan, ga ni a tsaye wuri ɗaya. To me ya rage? Hulunan ne ke kiran mutane. Ɗan Adam inda ya ga taro nan yake zuwa. In na cika ƙofata, an gama."

Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To Malam, in hulunan ne ke kawo mutane, su hulunan wa ya kawo su?"

Na ce, "Ke ba ki san kasuwa ba. Wannan shi ake kira talla."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Duk mai aure ya san irin wannan Allah ya ba da sa'ar.

Washegari na shiga kasuwa wurin 'yan gwanjo, na tsinto tsofaffin huluna har sittin. Akwai zanna, akwai damanga, akwai ƙube, akwai waɗanda ni kaina ban san daga wace ƙasa suka fito ba. Na sa mai sassaƙa ya yi mini gumagumai, na aro teburi biyu. Kwana uku ina wanki a bayan shago, inda ba wanda zai gan ni. Ranar Litinin da sassafe na jera su reras, na koma gefe na ƙirga. Nasa arba'in da biyar. Nawa saba'in da biyar. Wallahi ranar ko abincin rana ban nema ba, daɗi ya ƙosar da ni.

Da hantsi sai ga abokina ya tsallako. Ya ce, "Masha Allah, mutumina, kasuwa ta buɗe!" Ya ɗauki hula ɗaya, ya juya cikinta, ya daɗe yana dubawa, ya mayar. Ya yi mini fatan alheri, ya koma. A raina na ce, yawwa, yau kai ma ka ɗanɗana abin da nake ji.

A satin farko baƙi biyu suka kawo mini hula, mutanen da ban taɓa gani ba. Zo ku ga taƙama! Na shiga gida ina ce wa matata, "Ina mai cewa wa ya kawo hulunan?" Ban tsaya na tambayi mutanen nan abin da ya kawo su ba. Ƙila hanya ce ta biyo da su, ƙila wani ne ya kwatanta musu. Ni dai na riga na yanke hukunci, don haka duk wanda ya shigo talla ce ta jawo shi.

Sati na biyu sai abin ya fara sanyi. Mutanen da na saba gani duk Alhamis suna kawo hular Juma'a, sai in hango su sun rage tafiya a ƙofata, sun dubi teburan, sun ɗaga mini hannu sun wuce. Maimakon in tambayi kaina, sai na ce ai maganin ne bai kai ba. Na koma wurin 'yan gwanjo na ƙaro ashirin.

Lokacin bazara ne, ranar Kaduna kuwa kun san ba ta wasa. Hular da ke da mai ita, tana bushewa ake ɗauke ta. Waɗannan da ba su da kowa, tun safe har magariba suna nan a shanye, yau da gobe. Ja ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, shuɗi ya yi fari-fari, farare kuma hayaƙin manyan motoci ya mai da su ruwan ƙasa. Ni da nake ganinsu kullum ban lura ba.

Maƙwabcina wani ɗan ƙabilar Ibo ne, mai sayar da kayan gyaran mota, mutum mai barkwanci, a Kaduna aka haife shi. Wata safiya ya tsaya da kofin shayinsa yana kallon teburina, ya nuna wata jar hula ya ce, "Malam, mai wannan ya mutu ne? Sati uku ke nan ina ganin ta a nan."

Na yi dariyar yaƙe na ce, "Oga, tafiya ya yi."

Ya ce, "To shi da mutum nawa suka yi tafiyar?"

Kun san darasin da na ɗauka daga maganarsa? Na fara sauya musu wuri. Kullum da safe ta gaba ta koma baya, ta dama ta koma hagu. Mutum da gemunsa, uban 'ya'ya, yana wasan 'yar ɓuya da tsofaffin huluna.

Ana haka satin bikin gidan Alhaji ya kama. Ɗaurin aure Asabar. Litinin ta wuce shiru, Talata shiru. Na ce ƙila hidima ce ta yi musu yawa. Laraba da safe na tsaya ƙirgata ta kullum, ina bin teburin abokina da ido, sai idona ya tsaya cak a kan wata zanna ruwan toka mai baƙin zare. Ko cikin dubu aka jefa ta zan gane ta. Gefenta akwai ɗinkin da mahaifina ya yi da hannunsa lokacin da ta taɓa yagewa. Hular Alhaji ce.

Na ja ƙofar shago, na tari keke sai Tudun Wada. Duk hanya ina tsara ƙarar da zan kai. Mutumin da na tsamo daga zaman banza, na koya masa sana'a, yau shi ne zai bi ta bayan fage ya ƙwace mini Alhaji? Na tarar da Alhaji zaune a kan darduma a ƙofar gida, ana ta shige da fice da buhunan shinkafa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

Ya ce, "Na san abin da ya kawo ka, ɗana. Kada ka zargi kowa, ni na ce a kai can. Sau biyu ina zuwa ƙofarka da kaina. Na farko na ga aiki ya yi maka yawa, ko gungume ɗaya babu a sake, na ce masha Allah, Allah ya buɗa wa yaron nan. Bayan kwana goma na dawo, sai na ga hulunan nan dai su ne, ba a ba masu su ba, sun ƙoɗe a rana kamar tsumma." Ya ja carbi, sannan ya ce, "Babanka bai taɓa barin hular mutum ta wuce sa'a biyu a rana ba. Kayan mutane amana ce. In aiki ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka, ya fi ka karɓa ka wulaƙanta. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai."

Jama'a, ku tsaya a inda na tsaya ku gani. In na yi shiru, na zama mai cin amanar kayan mutane. In na ce, Alhaji ai hulunan nan ba na kowa ba ne, gwanjo na saya na jera don in burge masu wucewa, na zama maƙaryaci, kuma wawa a kai. Gaba kura, baya sayaki. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na dubi mutanen da ke zaune a gefensa, na haɗiye ta.

Na ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji. Za a gyara."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka zo ɗaurin aure."

Na dawo shago na sami buhu, na riƙa cusa hulunan nan ciki ba ko tausayi. Maƙwabcina yana kallo daga ƙofarsa, ya buɗe baki zai yi magana, da ya ga fuskata sai ya mai da bakinsa ya rufe.

Bayan la'asar ina zaune na zabga tagumi, sai ga abokina da babbar jaka a kafaɗa. Ya ajiye ta a gabana, ya zauna a bencin da ya koyi aiki a kai. Ya ce, "Hulunan gidan Alhaji arba'in ne. Ga ashirin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Asabar ta matso."

Na ce, "Ka ƙwace, sannan ka dawo ka ba ni sadaka?"

Ya ce, "Haba mutumina. Wallahi da ɗansa ya kawo su sai da na ce ya tsallaka wurinka, ya ce umarnin Alhaji ne. In kore shi ya kai wa wani can daban?"

Na kau da kai. Ya dubi buhun da na cusa hulunan, ya ce a hankali, "Tun ranar farko na gane na gwanjo ne. Na juya cikin ɗaya ban ga zaren alama ba. Kai ka koya mini ba a karɓar hular mutum sai an ɗaura mata alama."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Da na faɗa, da me za ka ce?"

Mu biyun mun san amsar. Da cewa zan yi baƙin ciki yake yi da ni.

Da na ga asiri ya gama tonuwa, sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun shekara guda da ta wuce. Na ce, "To kai me ke kawo maka mutane?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce rabo ne. Da na matsa, ya ce abokan aikinsa na masaƙa da suka watsu cikin gari, wasu gadi, wasu tuƙin keke, su suka fara kawo masa don tausayi, su kuma suka gaya wa iyayen gidansu. Sannan shekarun da ya yi a sashen rini sun sa yana kallon zare ya san wanda zai zuba, sai ya ware shi, ya wanke shi daban, ya shanya a inuwa cikin shago. Ya ce, "Waɗanda kake gani a waje da safe ai ba su ne na azahar ba. Suna bushewa nake kwashewa in ɗora wasu."

Shekara guda ina kallon ƙofar mutumin nan kullum, ban taɓa lura ba. Ƙirga nake yi, ba kallo ba.

Na buɗe jakar. Wadda ke sama ita ce zannar Alhaji, ya riga ya cire ta daga gungumensa. Ya ce jiƙa ta kawai ya yi ya kifa, hannunsa ya ƙi sakewa, ita wannan hannun gidanmu ta sani. Ban taɓa wanke hula kamar yadda na wanke ta ba. Na bi kowane layin zare da ƙaramin buroshi, na dama sitati sau biyu don na farko bai yi mini ba, na tsaya a kanta har ta bushe, na goge ta da dutsen gugar mahaifina. Ranar Juma'a da abokina ya zo karɓa, ya juya ta a hannu ya ce, "Bari in gaya wa Alhaji kai ka yi wannan."

Na ce, "Kada ka kuskura." Don in ya faɗa, Alhaji zai tambayi inda mai aiki har wuya ya sami sararin wanke ashirin cikin kwana biyu, daga nan sai zancen gwanjo ya fito. Ya roƙe ni, na rantse masa in ya faɗa mun ɓata har abada.

Ranar Asabar bayan an shafa fatiha, ana ta gaisawa, Alhaji ya hango ni cikin taro ya yafito ni. Na matsa na rusuna. Ya kai hannu ya shafi hular da ke kansa, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Ka ga aiki? Rabon da a wanke mini hular nan haka tun babanka na da rai. Ka riƙa leƙa wurin abokin nan naka kana ganin yadda yake yi. Neman sani ba abin kunya ba ne, ɗana."

Na ce, "To, Alhaji. In sha Allahu."

Yanzu shekaru sun ja. Mutanena sun dawo a hankali, da suka ga ƙofar shago ta koma yadda suka san ta. Abokina yana da shago na biyu a Mahuta, muna nan tare, ba abin da ke faruwa a gidana bai zo ba. In na ce muku na daina jin ɗan tsinke a zuciya in na ga teburansa, na yi ƙarya. Ina ji, sai dai yanzu in ya taso ina gane shi, in yi a'uziyya in ci gaba da wankina.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na ga hayaƙi a gidan da ake dafa abinci, sai na zaci in na tara hayaƙi a nawa tuwo zai fito. Hujjar da na jera wa matata kowane layinta gaskiya ne, ƙarshenta ne kawai ƙarya, kuma hassada ce ta rubuta ƙarshen tun kafin in fara lissafin. Da tsallaka titi na yi na tambaya, da minti biyar ya ishe ni. Amma yaya malami zai je ya tambayi ɗalibinsa?

Wannan duk da sauƙi. Wanda ke hana ni sakewa shi ne Alhaji bai sake kawo hula shagonmu ba. Shekara uku bayan bikin Allah ya yi masa rasuwa, ni na riƙe gefe ɗaya na makararsa. Ya tafi yana ganin hannun babana ya koma tsallaken titi, kuma ni na bar shi ya tafi da wannan, don kawai kada in buɗe baki in ce hulunan nan na gwanjo ne.